Zanen Baba Sini da Madaciyar Inna

A ƙasan koren akwatin ƙarfen da ke ɗakina, ƙarƙashin tsohon haramina na aikin hajji, akwai wata takarda naɗe cikin farin ƙyalle. Ranar da kuka kai ni kuka dawo kuna rabon tsummokarana za ku ci karo da ita. In kun warware za ku ga gangar jikin mutum, ba kai, ba hannu, ba ƙafa, ciki a buɗe, gefe da gefe wani rubutu yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar sawun kaji. Na san abin da zai fara faɗo muku a rai, don na san abin da aka daɗe ana faɗa a gidan Baffanku Usman, wai ubanku ya taɓa shigo da boka har tsakar gida. To kada wanda ya ƙona ta. Ba hatimi ba ce, ba sihiri ba ce. Ga yadda aka yi, kuma sau ɗaya zan faɗa. Na gaji da yi muku bayani da baki, ina Hausa kuna amsa mini da Larabci, rabin maganar tana zubewa a ƙasa.

Kakarku, wadda kuke ce wa Sitti, mu muke ce wa Inna, da ƙafa ta zo garin nan na Madina. Kun sha ji, amma ba ku san nauyin maganar ba, ku da ko Bi'ir Ali da ke nan bakin gari aka kai ku a mota sai kun yi ƙorafin zafi. Ta baro ƙauyensu a ƙasar Haɗejiya ita da Babanmu, da goyon Yaya Usman. Ni a hanya aka haife ni, a Sudan, inda suka yi shekaru suna tsinkar auduga kafin su samu na tsallaka teku. Babanmu bai iso ba. Zazzaɓi ya kayar da shi saura kaɗan a ga ruwa, aka tone rairayi aka sa shi, ayari ya ci gaba. Ba dutse, ba alama. Inna ba ta cika maganarsa ba. Abu ɗaya take faɗa, tana ɗinkin hularta a tsakar gidanmu na unguwar Ƙiblatain, allura a hannu, tabarau a kan karan hanci:

“Shi bai iso ba. Ni na iso. Kuma gaba ɗayana zan shiga maƙabartar Baƙi'a, ko farce ba zan bari a waje ba.”

Likkafaninta yana ninke tun ina saurayi. Ta saya da tsawo fiye da yadda take bukata, ta wanke shi da zamzam, ta ajiye.

Yaya Usman shi ya yi karatu. Yana bin mahajjata yana karanta musu addu'o'in ziyara, kullum cikin farar riga. Ni na faɗa fawa, wadda ba gadonmu ba ce, don ita ce ta buɗe mini ƙofa lokacin da nake neman abin kai wa baki. Inna ba ta taɓa yafe wa wuƙar nan ba. In na shigo sai ta ce Sarkin Fawa ya dawo, a ba shi sabulu kafin a ba shi tuwo. Yaya kuwa ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika fuskantarsa da magana ba. “Mai karatun” take ce masa, kuma ta bakina take aika masa saƙo ko da yana zaune a gabanta.

A shagon fawar nan na san Baba Sini. Musulmi ne mutumin ƙasar Sin, cikin waɗanda suka fito lokacin da ƙasarsu ta juye, ya zo hajji bai koma ba. Sunansa Yunusa, amma kasuwa duk Ammi Sini ake ce masa, mu Hausawa muka mayar da shi Baba Sini. Ɗan ƙaramin tsoho, gemu 'yan silli, Larabcinsa gutsure-gutsure kamar ana yanka albasa. Yana da ɗan ɗaki inda yake haɗa saiwoyi, yana murza wa mutane targaɗe. Ranar da ya fara zuwa wurina bai nemi tsoka ba, bai nemi ƙashi ba. Cewa ya yi duk ranar da na yanka sa, kada in jefar da madaciyar sai ya zo. Kun san madaciya ko? Ɗan koren buhun nan da ke manne a ƙarƙashin hanta, wanda in ya fashe ya ɓata nama da ɗaci. Mu tsinke shi muke yi mu wurga bola, ko kyanwa ba ta kallonsa. Shi kuwa sai ya ɗauka ya dinga matsawa da yatsu a hankali, ido a rufe. Wai wani lokaci akan samu ɗan dutse a cikin na shanu, kuma a ƙasarsu babban magani ne. Da ƙyar ake dacewa. Mun yi shekaru a haka, ya matsa, ya girgiza kai, ya ce “Ma fi, alhamdu lillah,” wato babu, mu sha shayi, ya tafi.

Ciwon Inna ya fara ne a shekarun da ake rushe tsoffin gidajen yamma da Harami, wato Masallacin Annabi, gari duk ƙura da ƙarar katafila. Da ta ci abu mai maiƙo sai ya soke ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya haura kafaɗa, ta yi ta amai har ta galabaita. Ba abin da ba a yi ba. An yi ƙaho, an sha habbatus sauda da zuma, Yaya ya yi rubutu ya wanke da zamzam. Ya lafa, ya dawo. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ranar da Ummanku ta jawo ni gefe ta ce in dubi farin idon Inna a hasken rana, na ga ya koma ruwan ɗorawa, ban tambayi kowa ba, na tari mota muka ɗauke ta sai mustashfa, wato asibiti.

Daktur ɗin Bamisre ne, mai ƙiba, mai sauri, layi a ƙofarsa har waje. Aka ɗauki hoton ciki. Ya ɗaga baƙar ledar hoton ya kara a taga, ya nuna da biro, ya ce duwatsu ne suka cika madaciyar, sai an yi amaliyya, wato tiyata, an cire ta gaba ɗaya. In aka bari ta ruɓe ta fashe, kalas, shi ke nan. Ya ce ɗaya daga cikin 'ya'yanta maza ya sa hannu. Inna ta gyara tabarau ta dubi ledar, ta daɗe tana dubawa.

“Auta, me yake nuna mini?”

“Cikinki ne, Inna.”

“Ni hayaƙi nake gani. A kan hayaƙi zai farke ni? Tashi mu tafi.”

A gida ta shimfiɗa maganarta, ba ɗaga murya. Ta ce cikin ɗan Adam ajiyar Allah ce, Shi ya rufe, ba wanda ya taɓa leƙawa ya ga daidai. Ta ce ba ta taka ƙasa daga Haɗejiya zuwa nan ba don a zo ƙofar Baƙi'a a gutsure ta. In ajali ne, ga likkafani nan. Yaya ya goyi bayanta. Ban ce mugunta ce ba, tsoro ne, shi ma uwarsa ce. Amma da muka fito zaure na ce masa ni zan sa hannun, sai ya riƙe mini wuyan riga, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara.

“Ka saba kwantar da dabba, shi ya sa abin bai dame ka ba. To ka ji. In ta mutu a kan teburin nan, kai ka yanka ta.”

Na kwana ina juya maganar nan. In sa hannu ta mutu, na yanka uwata. In ƙi sawa ta mutu, ina kallo. Kuma ko na sa, ai ba ɗaure ta za a yi a kai ba. Dole sai ta yarda da bakinta.

Dabarar da ta zo mini irin ta mahauci ce. Na ce tunda ba ta ga komai a leda ba, bari in nuna mata na gaske. Na zaɓi hantar rago mai kyau, da madaciyarta a jiki, na ɗora a faranti na rufe, na kai mata har kan tabarma. Na buɗe, na ce Inna kin ga wannan ɗan koren, shi ne kawai za a tsinke, hantar tana nan lafiya lau. Ta dubi farantin, ta dube ni.

“Maryama,” ta kira Ummanku, “zo ki ga abin da na haifa. Na ce masa ni mutum ce, ya je ya kawo mini shaida daga wurin tunkiya.”

Ummanku ta toshe baki da gyale ta shige kicin. Aka soya hantar da daddare, kowa ya ci ban da ni.

Washegari ina fiɗar wani sa na huda madaciyar, ɗaci ya malale a kan nama, abin da ban yi ba tun ina koyo. Baba Sini yana tsaye yana jira. Ya dubi ɓarnar, ya ce me ya faru. Na gaya masa komai, har da farantin. Bai yi dariya ba, ko da yake gemun ya ɗan motsa.

“Hajja ta taɓa ganin cikin mutum?”

“Wa ya taɓa gani, Baba?”

“Zan zo bayan la'asar. Ka gaya wa yayanka ya zo shi ma. Ba na shiga gida a ɓoye.”

Ku riƙe wannan, ku da aka gaya wa an shigo da boka ta bayan gida. Da hasken rana ya zo, ya yi sallama a zaure, Baffanku yana zaune.

Inna ta lulluɓa ta jingina da bango. Baba Sini ya zauna nesa kaɗan, ya zaro takardar daga cikin wata gora, ya warware ta a kan tabarma, ya danne gefunan da kofunan shayi. Takarda ce mai laushi, ta yi ja don tsufa. Yaya ya leƙa, ya ja da baya.

“A'uzu billahi! Surar mutum a gidan Musulmi? Wannan rubutun kuma na mene ne, sunayen aljanu?”

Baba Sini ya ce ba kai, ba fuska, ya ustaz. Rubutun kuma sunan hanta ne da sunan huhu. Ya ce tun zamanin da, likitoci Musulmi a ƙasar Farisa sun kwafi irin wannan zanen sun sa a littattafansu. Yaya ya yi tsaki. Inna ba ta bi ta kansu ba. Ta riga ta matso, ta sa yatsa a wuyan zanen tana gangarowa a hankali, yadda take bin zare a jikin hula.

“Wannan ai hanya ce,” ta ce. “Ga mashiga, ga zango, ga inda ta yi kwana. Tambaye shi, ina nake?”

Na fassara. Ya nuna mata ɗan koren abu a ƙarƙashin hanta. Daga nan ya shiga bayani, ina juyawa da Hausa. Ya ce a wurin mutanensu cikin mutum kamar fada yake. Zuciya ita ce sarki. Huhu waziri ne, yana lulluɓe da sarki kamar laima. Hanta sarkin yaƙi. Madaciya kuwa, ya ce, ita ce ƙadi, ita ke yanke hukunci, daga gare ta ƙarfin hali yake fitowa. Ban kai ga fassara wannan ba. Inna ta yi shekaru a Madina, ta san ƙadi.

“Alƙalin za a cire mini?”

Yaya ya gyara zama, ya dube ni, har da ɗan murmushi. Ni kuwa na ji kamar in naɗe tsohon da takardarsa in fitar. Na kawo shi ya taimake ni, ga shi ya ba su sanda.

Amma Inna ba ta ɗaga yatsanta daga takardar ba. Ta ce a tambaye shi, wanda ya zana wannan, gani ya yi ko labari aka ba shi. Baba Sini ya ce wannan kwafi ne na kwafi, malaminsa ya kwafa daga na malaminsa, haka har baya. Na farko-farko wasu masu halwa ne a kan duwatsu suka zana, sun rufe ido suna sauraron jikinsu, suka zana abin da suka ji. Sai suka sa hanta a hagu. Aka daɗe ana kwafar ta a hagu. Daga baya, kusan shekara dubu ke nan, wani mai mulki ya kama 'yan tawaye ya kashe su, ya kira likita da mai zane ya ce su buɗe su duba su zana. Suka ga wanda ya yi fama da tari huhunsa ya yi baƙi. Wato ciwo yana da wurin zama, ana ganinsa da ido. Amma su ma sun yi kuskure, suka ce hanya uku ce a wuya, ta iska, ta abinci, ta ruwa. Sai da wasu suka sake buɗewa bayan shekaru suka gyara, suka mayar da hanta dama, suka mayar da hanyar wuya biyu.

“Sarkin Fawa,” Inna ta ce, ba ta ko waiwayo ni ba, “nawa ne?”

“Biyu ne, Inna. Ta numfashi da ta abinci.”

“Yau dai wuƙarka ta yi rana.”

Ta koma kallon gangar jikin nan mara kai. Sai ta yi tambayar da ban zata ba.

“Mutanen nan da aka buɗe, an binne su?”

Baba Sini ya ce, “Ban sani ba, Hajja.”

“To,” ta ce. “Tun da na fara ciwon nan, kowa ya sani. Mai ƙaho ya sani, mai rubutu ya sani, Bamisre ya sani. Yau na ga wanda bai sani ba. Tambaye shi, saiwarsa za ta narkar da duwatsun?”

Ya ce a'a. Da tun farko ne da ya gwada. Yanzu ido ya yi rawaya, lokacin saiwa ya wuce, sai wuƙa. Ta ce to mutum yana rayuwa ba alƙali? Sai tsohon ya dafa cikinsa ta dama, ya ce shi nasa alƙalin an sauke shi a Jidda tun kafin gemunsa ya yi fari.

“Auta, kai shi zaure ka gano mini.”

Na kai shi zaure, ya ɗaga riga. Ga tabo nan dogo a ƙarƙashin haƙarƙari, ya yi fari. Muka dawo.

“Yana nan, Inna.”

“Ɗinkin fa?”

“Ya ɗan karkace.”

“Namiji ne ya yi. To tun da aka sauke alƙalin, wa ke yanke masa hukunci?”

Na tambaya. Baba Sini ya sunkuyar da kai ya ce, “Matata, Hajja.”

Inna ta yi dariya har ta riƙe gefen cikinta don zafi. Rabon da in ji dariyarta an yi watanni. Da ta lafa sai ta ɗora babban yatsanta a kan ɗan koren abin, ya rufe shi ruf. Ta ɗaga, ta sake rufewa.

“In an cire, ina ake kai shi?”

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce a shagona bola nake jefawa, na mustashfa ban sani ba. Baba Sini ya ce shi ma bai tambayi inda nasa ya tafi ba. Ta gyaɗa kai. Sai ta fuskance ni, amma kowa ya san da wa take.

“Tambayi mai karatun. In an yanke wa Musulmi hannu, ya ake yi da hannun?”

Yaya ya yi ta jan carbi. Da ƙyar ya ce, “Ana naɗewa a binne.”

“Tambaye shi, ranar tashi, Wanda zai tattaro ubanku daga rairayin Sudan, zai rasa ɗan wannan a cikin Madina?”

Ta cire tabarau ta ninke.

“Je ka sa hannun. Amma ka gaya wa Bamisren, abina a hannunka zai ba ka. Ba zai je bola ba. Zai riga ni shiga Baƙi'a, shi ke nan.”

Daktur ya yi dariya da na gaya masa sharaɗin, ya ce ya hajj, wannan ba kasuwar nama ba ce. Na ajiye biron na ce to babu amaliyya. Ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya ce tayyib, tayyib, sa hannu.

Da safe aka shiga da ita. Na zauna a kan benci a baranda, hannuwana a tsakanin gwiwoyi. Na yanka dabbobin da ban san adadinsu ba, amma ranar ko ƙarar almakashi na ji daga wani ɗaki sai na waiwaya. Yaya ya zo, ban hana masa wannan ba. Ya tsaya can ƙarshen baranda da carbinsa, bai zauna kusa da ni ba, bai dube ni ba. Maganarsa ta zaure kuwa tana zaune tare da ni a kan bencin. Aka kira azahar ba su fito ba. Da ƙofar ta buɗe, Bamisren ya fito yana zare ƙyallen baki, ya ce mabruk, Hajja ƙarfe ce, sai na zame daga bencin na zauna a ƙasa, ƙato da ni, ina ta cewa alhamdu lillahi kamar ban san wata kalma ba. Iskar da na shaƙa a wurin nan, da warin maganinta da komai, ban taɓa shaƙar mai daɗinta ba. Na ɗago na hango Yaya ya kifa goshi a bango, kafaɗunsa suna rawa.

Wata nas ta miƙo mini kwalba. Ga alƙalin Inna nan a ciki, bai kai na rago kyau ba, ya kumbura ya yi duhu, duwatsun a gefe kamar ƙwallayen dabino. Tun kafin mu bar gida Inna ta sa Ummanku ta yanko mata ɗan ƙyalle daga bakin likkafaninta. Na naɗe shi a ciki. Akwai wani mutumin Damagaram cikin masu haƙa kabari a Baƙi'a, mai sayen nama a wurina. Na same shi bayan la'asar na gaya masa. Bai yi mamaki ba, ya ce an saba kawo hannu da ƙafa, wannan ne dai ƙarami da ya taɓa karɓa. Ya tona a gefe ya sa, ya mayar da ƙasa, na tsaya na gani da idona.

Da ta farfaɗo sosai, abin da ta fara tambaya ke nan. Na ce an sa, Inna. Ta lumshe ido. Can sai ta buɗe.

“Duwatsun fa? Ka nuna wa Basinen? Ba su yake nema ba shekara da shekaru?”

Na ce na gaya masa, ya ce na shanu kaɗai ke magani.

“Ashe,” ta ce. “Na taka ƙasa tun daga Haɗejiya, saniya ta fi ni daraja.”

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Yaya bai taɓa janye kalmar boka ba. Ya ce addu'ar da ya yi a Rauda ce ta tashi Inna, kuma ban musa masa ba, wa ya san ta wa aka karɓa. Amma ya ce tsohon ya juya mata tunani da zanen aljanu, maganar ta bi gidajen Hausawa daga Ƙiblatain har cikin gari. Akwai masu tsire da suka daina sayen nama a wurina. 'Ya'yan Baffanku sun yi shekaru ba sa cin abincin gidanmu, in sun zo gaida Inna da ƙoshinsu suke zuwa. Ku kuna yara kuna tambayar me ya sa, Ummanku tana ce muku azumi suke. Ya rasu muna gaisawa, amma ba mu sake zama a faranti ɗaya ba. Abin ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Sai dai in aka dawo da ranar aka sake miƙo mini biron, zan sake sawa.

Inna ta ƙara shekaru masu yawa. Ta ci naman sallah da kitsensa, ta goya ku ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinka wa kowane namiji a cikinku hular suna. In mun fito daga Harami muka bi ta jikin katangar Baƙi'a, sai ta tsaya ta yi wa mutanen ciki sallama, ta ƙara da cewa alƙalina yana nan, ku gaya masa ina tafe. Ranar da ta tafi, a kan tabarmarta ta tafi, ba ciwo mai tsawo. Muka sallace ta a Harami, muka shiga da ita ta ƙofar da ta yi rabin duniya tana nufa. Ni na sauka na karɓe ta.

Takardar kuwa tun kafin nan ta zo gidanmu. Da Baba Sini ya ji ƙarfinsa ya ƙare, ya aiko aka kira ni. Ya ce 'ya'yansa ba sa karanta rubutun, kamar yadda ku ma ba kwa amsa Hausa. Ya ce in kai wa Hajja. Shekarunsa duka yana nuna wa mutane zanen nan, kowa ciwonsa yake nema a ciki, ita kaɗai ta tambaya ko an binne mutanen. Na kawo mata. Ta karɓa ta warware, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce a ɗauko mata likkafani da almakashi. Na ce Inna, in kika ci gaba da yanka ba zai ishe ki ba. Ta ce da saura, ita ta auna. Ta yanki ƙyalle, ta kalmashe bakinsa da allura, ɗinki miƙe sak, ta naɗe takardar a ciki.

“Ban san addininsu ba, ban san laifinsu ba,” ta ce. “Amma uwa ce ta haife su, kuma an bar su a buɗe shekara dubu. Sun nuna mini hanya. Ga sutura.”

Shi ne farin ƙyallen da za ku warware. In kun gama kallo, ku rufe su yadda kuka same su.